Bali Ba Ƙasa Ba Ce

Sunan Bali ya yi tashe har wasu na ɗaukarsa ƙasa mai cin gashin kanta. Lardi ne na Indonesiya tun 1958, babban birninsa Denpasar, mutanensa sun haura miliyan 4. Ina ganin addini ne ya ƙara ruɗa mutane: galibin 'yan Indonesiya Musulmi ne, amma akasarin mazauna wannan tsibiri mabiya addinin Hindu ne. Sarautunsu sun tsaya da ƙafarsu har sojojin Holan suka murƙushe Badung a 1906 da Klungkung a 1908.

Shinkafa ake nomawa a gangaren duwatsu, amma yawon buɗe ido ne ke riƙe da lardin. Da korona ta tsayar da jirage a 2020, tattalin arzikinsa ya ragu da sama da kashi 9 cikin ɗari.