Daga barga zuwa tagulla

Zafin Finiks ne ya kore mu wata Asabar, muka hau mota zuwa Prescott, garin da ke kan tudu a nan jihar Arizona ta Amurka, don mu sha iska. A gaban kotun garin akwai mutum-mutumin tagulla na wani mahayi a kan ƙaton dutse. Buckey O'Neill ne, tsohon magajin garin, wanda aka kashe a yaƙin Kuba a 1898. Abokan tafiyata suka ɗauki hoto suka wuce neman abinci. Ni kuwa dokin ne ya riƙe ni. An ja masa linzami, ya lanƙwasa wuya, ya tattara ƙarfinsa duka a ƙafafun baya, kamar dokin da aka tsayar a gaban sarki ranar jafi. Na ce a raina, wanda ya yi wannan ya taɓa kwashe kashin doki da hannunsa.

Ashe haka ne. Sunansa Solon Borglum, ɗan wasu baƙi da suka yi ƙaura daga Denmak. An haife shi a Utah a 1868, ƙuruciyarsa kuma a Nebraska ya yi ta, yana kiwo a gonar mahaifinsa, kullum a kan sirdi. Yayansa Gutzon, wanda daga baya ya sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu a dutsen Rushmore, shi ya ga zanen da ƙanen yake yi ya zuga shi ya bar kiwo. Ya shiga makarantar zane a Cincinnati a 1895, amma bai rabu da barga ba, don wajen dawakin da ke jan kekunan gidan waya yake zuwa yana nazarinsu gaɓa-gaɓa. Daga nan sai Faris, inda ya ci lambar azurfa a babban baje kolin 1900. Dokin Prescott a 1907 aka kafa shi.

Tun ina tsaye a wurin wani dattijo ya faɗo mini a rai, mai kula da dawakin hakimin garinmu. Baba muke ce masa, ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba. Da asuba zai zo turke, ya shafa bayan akawal ɗin nan, ya gangaro da tafin hannu har kofato, ya ce yau ba za a hau wannan ba. Kai kuwa ba ka ga ɗingishi ba, ba ka ga kumburi ba. Ya san ranar da za a ƙara kanwa a ruwa, ya san harawar da ta sha damshi tun daga ƙanshinta. A sanin jikin doki dai ban yarda Borglum ya fi shi da komai ba.

Kada wani ya ce ina so a cika Kano da Katsina da mutum-mutumi. Na san matsayin malamai a kan sassaƙa mai rai, a cikinsa na tashi. Kuma ba fasaha muka rasa ba. Su sun zuba tasu a siffar doki, mu mun zuba tamu a jikin dokin mai numfashi: sirdi, jalala, ɗan kai, layu, likkafa, aikin dukawa da maƙera da masu ɗinki. Wanda ya ga Hawan Daushe ya san ba ma jin kunyar kowa a nan. Har na fi son namu ta wata fuska, don nasu yana tsaye wuri ɗaya fiye da shekara ɗari, namu kuwa yana haniniya yana tada ƙura.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sunan. A nan an ɗauki abin da makiyayi ya koya a bayan doki a matsayin ilimi, aka buɗe masa ƙofar makaranta, yau duk mai son sanin wanda ya yi dokin Prescott zai sani. Ba wai Amurka adalci gare ta ba, dubban 'yan Meziko da ke share bargogi a jihar nan ma ba wanda ya san su, kuma da Solon bai da yaya mai hanya wataƙila da a gona zai tsufa. To amma ƙofar tana nan. A wajenmu maroƙi zai wasa mahayi, ya wasa dokin, ya wasa uban mahayin, amma wanda ya ɗinka jalalar da wanda ya kwana yana kirɓa dusa ko a ƙarshen kirari ba sa shiga. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Zariya, garin dawaki, sai dai ɗan barga ba ya ma tunanin ƙofar tasa ce.

Baba ya rasu tuntuni. Ɗansa ne ya gaji turken, sai na tura masa hoton ta WhatsApp. Bai tambayi ko wane ne mahayin ba. Saƙon murya ya aiko, ya ce: "Yaya, wannan dokin ya ji linzami. Amma a gaya wa mai shi ya sassauta hannu, zai fasa masa baki."