Gidan kawu a Liyon da kuɗin hayar da aka ce na cinye

Saƙon murya ne ya shigo zauren dangi na WhatsApp daga Tahoua. Taubashina ne, ɗan marigayi kawu, kuma wannan karon ba wasa yake ba: "A gaya wa na Faransa ya ji tsoron Allah, dukiyar marayu wuta ce." Ni ne na Faransan. Kawu ya rasu a birnin Liyon, nan Faransa, ya bar gida mai ɗaki biyu a hawa na huɗu da ɗan haya a ciki, kuma har yau ko dala ba ta isa Tahoua ba.

Na san lissafin da ake yi a majalisa: yuro ɗaya sefa 656, a ninka da kuɗin haya, a ninka da watanni.

To, a nan gadon da ke da gida a ciki ba ya motsi sai ta hannun noter, mai hatimce takardun dukiya da izinin hukuma. Banki kuwa yana jin labarin rasuwa yake rufe asusun mamaci. Noter ɗin kawu mace ce mai fara'a, da tabarau rataye a wuya, amma fara'ar ba ta sa ta sassauta ko kaɗan. Ta nemi takardar haihuwar kowane magaji. Da suka iso, sunan kawu a wata Mahamadou, a wata Mamane, a fasfonsa kuma Mohamed. Ta jera su a kan teburi, ta ce ita mutum uku take gani. Ga shi doka wata shida kawai ta bayar a kai bayanin gado ofishin haraji. Kowane ɗa ana yafe masa haraji a kan yuro 100,000 na farko, don haka 'ya'yan kawu sun tsira. Da ni ɗan ƙanwarsa ya bar wa gidan, bayan ɗan rangwame kashi 55 cikin ɗari za a karɓe. Kuma tunda a nan yake zaune, dokar nan ce ke rabo, mace da namiji kai ɗaya. Wannan sai ku da malamai idan kuɗi ya shiga hannu.

Ɗan hayan kuma ya daina biya da shigowar sanyi. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya a Faransa, bayan nan ma sai da hukuncin alƙali. Mai gidan da ya fusata ya sauya kwaɗo da kansa, ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 30,000 ke jiransa. Harajin gida na watan Oktoba da kuɗin shara da gyaran bene ba su san an yi mutuwa ba. Ku tambayi wanda ya biya su.

Ban raina namu ba. Malam ya zauna a zaure, a fitar da bashi da wasiyya, a ba mata tumuninsu, kafin la'asar an shafa fatiha. Akwai rahama a ciki, kuma ina kewarta.

Sai dai matar nan mai tabarau ta ƙi sakin sisi don kare haƙƙin yaran da ba su taɓa ganin Liyon ba. Mu Adarawa da ci-rani ya zama mana gado, daga Abijan har Libiya, wa ke kare haƙƙin wanda ya yi tafiya? Gidan babanmu na Boukoki a Yamai, tun rasuwarsa ba a raba ba, ɗakunan cike da 'yan haya. Ban taɓa ganin ko guntun takarda ba. Idan damina ta kada katanga, lambata ake fara nema. Idan wata ya ƙare aka karɓi haya, waya ba ta shiga Faransa. Har ɗakina na samartaka an ba wani tela, a bakin maƙwabci na ji. Da na tambayi Yaya nawa telan ke biya, cewa ya yi in bari sai na zo gida mu zauna, wannan ba maganar waya ba ce.