Damagaram zuwa Yamai a jirgi: ba awa ɗaya ba ce

A wata fadar shayi ta unguwar Zango na ji wani matashi yana buga lissafi da yatsa a kan tabarma: Damagaram zuwa Yamai kilomita 900, jirgin sama kuma yana cin kilomita 900 a awa, ke nan tafiyar awa ɗaya ce cif. Lissafin ya yi daɗin ji, sai dai alƙaluman biyu duk ba na wannan tafiyar ba ne.

Kusan kilomita 900 ɗin nan na kwalta ne, wadda ke lanƙwasa ta wajen Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Jirgi ba ruwansa da wannan kwana-kwanar. A miƙe, tsakanin garuruwan biyu wajen kilomita 745 ne.

To ashe ma zai riga awa ɗaya isa? Ina! Gudun 900 na manyan jiragen da ke kai alhazai Jidda ne. Mai farfela, irin wanda aka saba gani a zirga-zirgar cikin gida, wajen 500 yake yi, shi ma sai ya gama hawa sama. Ga jan jiki a ƙasa kafin tashi, ga rage gudu in ya doshi filin Diori Hamani na Yamai. Ka ƙaddara awa biyu, ko ƙasa kaɗan. In kuwa zai biya ta Maraɗi ko Agadas, lissafi ya sake.

Lokacin hunturu kuma hazo ne mai gari: in ya rufe filin, sai ka wuni da jakarka a gaba kana jiran sanarwa.