Zuma halal ce, amma ku daina yi wa addini ado da ƙaryar kimiyya

'Yan uwa, saƙon nan ya sake dawowa WhatsApp: wai masana kimiyya sun tabbatar zuma tana warkar da kowace cuta, har ciwon siga, kuma a lasa wa jariri tun ranar haihuwa. Babu sunan masani, babu inda aka yi binciken. An liƙa aya a sama, an rubuta "tura wa mutum goma" a ƙasa. Masu turawa mutanen kirki ne, lada suke nema, kuma wannan ne ya fi damuna.

Ku zo mu ga yadda malaman Yahudawa suka yi da mas'alar zuma, don akwai abin lura a ciki. A shari'arsu, abincin da ya halatta ana ce masa kosha. Ƙa'idarsu ita ce, duk abin da ya fito daga jikin dabbar da aka haramta, shi ma haramun ne. Shi ya sa ba sa shan nonon raƙumi, tunda raƙumi haramun ne a wurinsu. Ƙudan zuma kuwa yana cikin ƙwari masu fiffike da Attaura ta hana su ci, in ban da wasu nau'o'in fara. To me ya sa suke shan zuma, har suke tsoma tuffa a cikinta a daren sabuwar shekararsu?

Talmud, babban littafin shari'ar Yahudawa, a ɓangaren Bekorot, ya kawo amsa biyu. Ta farko: ƙudan yana shigar da ruwan fure cikin jikinsa ne ya ajiye, sannan ya fitar, ba daga jikinsa yake tatso shi ba. Ta biyu, wadda aka jingina wa Rabbi Yakubu: nassin Attaura ne da kansa ya togace zuma, ba sai an nemo wani dalili ba. Musa bin Maimun, malamin Yahudawa kuma likita, haifaffen Kurɗuba ta Andalus wanda ya rasu a Masar a 1204, ya bi amsar farko, har ya halatta zumar rina a kan wannan dalilin.

Bayan ɗaruruwan shekaru sai masu bincike suka buɗe cikin ƙudan. Sun tarar da gaske yana da wata jaka ta daban da yake ɗaukar ruwan fure a ciki, da ƙofa tsakaninta da hanjin da ke narkar da abinci. Nan amsar farko ta yi daidai. Amma sun kuma tarar yana zuba wa ruwan wasu sinadarai daga cikin jikinsa. Ɗaya, imbatas, yana fasa sukarin fure gida biyu, gulukos da furuktos. Wani yana taimakawa wajen hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ciki. Daga nan ƙudan su yi ta miƙa wa juna baki da baki, su shimfiɗa a saƙa, su yi ta fifita da fukafukai, har ruwan da ke ciki ya sauko daga wajen kashi 70 cikin 100 zuwa wajen kashi 18, sannan su rufe da kaki. Wato akwai ɗan wani abu daga jikin ƙudan a cikin zuma.

Shin malaman Yahudawa sun haramta zuma? Ba su haramta ba. Shin sun ce masu binciken ƙarya suke yi? Ba su ce ba. Wanda ya tsaya a kan nassi bai ma girgiza ba. Wanda ya tsaya a kan amsar farko ya ce asalin zuma ruwan fure ne, abin da ƙudan ya ƙara kaɗan ne ƙwarai. Inda binciken ya yi musu aiki shi ne farin ruwan nan mai kauri da ma'aikatan ƙudan ke ciyar da sarauniya. Shi kam daga jikinsu yake fitowa gaba ɗaya, babu fure a ciki, don haka malamansu da yawa suka hana shi, wasu suka sassauta. Sun tambayi mai ilimin ƙudan yadda abin yake, sannan malami ya yanke hukunci. Ba su ƙirƙiro bincike don su kare littafinsu ba.

Mu fa? Mu da Allah Ya saukar mana da sura guda mai sunan ƙudan zuma, me ya kai mu rancen ƙarya? Ayar Suratun Nahli ta ce a cikinta akwai waraka ga mutane, kuma mun yi imani. Ibnu Kasir ya kawo bayanin cewa kalmar ta zo "shifa'un", ba "ash-shifa'u" ba, wato ba a ce ita ce maganin kowace cuta ba. Malam, kai da ka ƙara "kowace cuta", daga ina ka samo? Ranar da ɗanka ɗan jami'a ya gano binciken da saƙon ya ambata babu shi, da me za ka tsare masa zuciya, bayan kai ka ɗaure masa ayar da ƙaryar wuri ɗaya?

Kuma abin ba a zuciya kaɗai yake tsayawa ba, yana taɓa jiki. Wajen kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 17. Baba mai ciwon siga ya karanta saƙonka, ya ajiye maganinsa, ya koma cokali uku safe da yamma. Wa zai amsa wannan gobe?

Iyayenmu mata, Hajiya, kaka, ungozoma, na roƙe ku da girman Allah. Kada a ba yaron da bai cika wata 12 ba zuma, ko ɗigo, ko a ruwan rubutu, ko a shafa a kan nono. Zuma, komai kyanta, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim a kwance. Hanjin babba yana hana ta tashi, na jariri bai ƙosa ba, sai ta farka a ciki ta fitar da guba mai kashe jijiyoyi. Tafasawa irin ta gida ba ta kashe ta. Alamominta: yaro ya daina bayan gida kwanaki, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya dusashe, wuyansa ya saki, fatar idonsa ta sauko. In an ga haka asibiti za a nufa nan take, domin tana iya kaiwa ga numfashi. Halaccin zuma malami ake tambaya, ya kuma amsa. Ko cikin jariri zai ɗauka, wannan tambayar likita ce.

Don Allah, in saƙon ya iso wayarka, kada ka tura. In ka riga ka tura, koma inda ka tura ka ce ka yi kuskure, ka ambaci maganar jarirai musamman. Yau, kafin ka kwanta.