Gishirin da ba a gani a kwano

In aka yi wa maza da yawa zancen gishiri, sai su ce ai su ba sa barbaɗa shi a abinci, don haka babu ruwansu. Wannan kuskure ne. Abin da ke tayar da hawan jini a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam, kuma ba daga gishirin girki kaɗai yake zuwa ba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Yajin tsire, kilishi, garin ɗanɗanon taliyar mai shayi, burodi, har kanwar da ake jefawa a wake, duk suna ɗauke da shi. Magidancin da ya karya a wajen mai shayi, ya biya ta wajen mai nama da dare, ya sha gishiri bai sani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Sodiyam yana riƙe ruwa a cikin jini, zuciya ta riƙa bugawa da wahala. Abin da ya fi damuna shi ne, hawan jini kan daɗe bai nuna alama ba. Mutum na jin ƙarfinsa har ranar da ɓarin jiki ya shanye. Awo ne ke tona shi, musamman in ya kai 140/90.