Baƙon da bai biyo ta zaure ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, nasihar yau da kaina zan fara, domin wayar da nake wannan rubutu da ita, a kanta maganar take.

Daren jiya bayan isha'i na tsaya wajen mai shayi a wajajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, ina jiran a soya mini ƙwai. Samari huɗu ne a kan benci, kawunansu a haɗe kan waya ɗaya. Ban yi niyyar leƙe ba, amma mai wayar ya ɗaga ta yadda duk na tsaye zai gani. Wata yarinya ce ta hau laif, wato bidiyon kai-tsaye, a TikTok. An raba allo biyu, ita a gefe, wani namiji a gefe, suna hira kamar su kaɗai suka rage a duniya, alhali ga adadin masu kallo can sama yana ta hauhawa. A bakin gado take zaune. Ana ganin madubi, ana ganin kayan shafa, har da sallaya a ninke kan kujera. Kafin in kau da kai sai ga wata dattijuwa ta gifta ta bayanta, da ɗaurin ƙirji, kai babu ɗankwali, buta a hannu. Da ganin tafiyarta ka san a gidanta take, ba ta san wani ido na kanta ba. Samarin suka tuntsire da dariya, ɗaya ya ce, "Kai, ga Inna ta fito a fim!"

Wallahi shayin nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Ban san yarinyar ba, ban san ko a wane gari take ba, ba kuma ita na zo in yi wa shari'a ba. Tsohuwar ce ta tsaya mini a rai. Mai yiwuwa tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa taka zaure ba mayafi ba. Shekara da shekaru tana tsare mutuncinta, dare ɗaya aka kai ta teburin mai shayi, ita ba ta ma sani ba.

Duk wanda ya tashi a cikin gari, Unguwar Alƙali ko Masanawa ko Gafai ko Rafindaɗi, ya san yadda iyayenmu suka gina gida. Zaure ne a gaba, nan baƙo namiji yake tsayawa. Sai shigifa. Ƙofofin ma ba a jera su saiti ɗaya, ana gocewa da su don kada ido ya zarce daga titi har tsakar gida. A bango a rubuta "Ba a shiga". In kana neman mai gida, yaro za ka samu ka aika, ya je ya ce ana sallama. Maginin da ya goce da ƙofar nan wataƙila bai haddace aya ta 27 a Suratun Nur ba, inda Allah Ya hana mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama ga masu gidan, amma da laka ya fassara ta.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa wani mutum ya leƙa ta wata kafa a ɗakin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a lokacin yana riƙe da wani tsinken susar kai. Sai ya ce masa da ya san kallonsa yake yi, da ya tsokane masa ido da shi, sannan ya ce ai saboda gani aka wajabta neman izini. Ku lura, mutumin nan ƙafarsa ba ta shiga ɗakin ba. Idonsa ne ya shiga, kuma aka lissafa shi a matsayin wanda ya keta haddin gida. To, kyamarar waya fa? Kafa ce da muka huda da hannunmu, a uwar ɗaka, muka ce duk mai data bismillah.

A dai cikin Suratun Nur, aya ta 58, Allah Ya ambaci lokuta uku da ko yaran gida da ba su balaga ba sai sun nemi izini kafin su shigo wa manya: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan sallar isha'i. Ya kira su al'aura uku. Yanzu ka tambayi kanka yaushe kasuwar laif take ci. Bayan isha'i ne, lokacin da datar dare ta yi araha, gida ya yi tsit, kowa ya saki jiki. Lokacin da aka ce ɗan cikinka ma ya ƙwanƙwasa, shi ne lokacin da ake shigo da wanda ba a san ko sunansa na gaskiya ba.

Kada wani ya ce malam ya haramta waya. Ni'ima ce, kuma mu a jihar Katsina mun fi kowa sani. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, mutane har mota suke shiga zuwa inda ake samun sabis don kawai su ji muryar ɗan'uwa. Tun da WhatsApp ya kawo kiran bidiyo a 2016, tsohuwa tana zaune a Daura take ganin ɗanta da harami a Makka, tana kuka tana sa masa albarka. Ɗan ci-rani a Legas ko Agadas yana ganin jaririn da aka haifa masa tun kafin suna. Da azumi majinyaci na kwance yana bin tafsiri kai-tsaye ta Facebook. Wannan duka sada zumunci ne da neman ilimi, akwai lada. Wuƙar da aka yanka ragon layya da ita ba ta da laifi.

Amma mu san yadda abin yake aiki, don da yawa rashin sani ne ke kai su. Ana cewa ai kai-tsaye ne, da an sauka shi ke nan ya wuce. Bai wuce ba. Kusan duk wayar zamani tana iya naɗar abin da ke gudana a allonta, da hoto da murya, kuma kai da ke can ɗaya ɓangaren ba za ka sani ba. Ko manhaja ta toshe wannan hanya, wayar aboki tana gefe, sai a haska ta a ɗauka. Tsaron da ake cewa WhatsApp na da shi, na kan hanya ne, yana hana wani ya tare saƙo a tsakani. Ba ya hana wanda kika kira ya ci amanarki.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙugiyar. A TikTok mai kallo yana sayen sulalla da kuɗinsa, ya mai da su kyauta ya jefa wa mai laif. Fure sule 1 ne, zaki kuwa sule 29,999. Kamfani ya yanki kaso mai tsoka, ragowar ta isa ga wanda aka jefa wa. Akwai kuma karawa, inda ake haɗa mutum biyu na 'yan mintuna, wanda aka fi jefa wa kyauta ya ci, wanda aka kayar a sa shi abin da aka yi sharaɗi. Manhajar Bigo Live ma kusan haka tsarinta yake. Abin da aka gina a kan "wa zai fi jan ido" kuwa, kullum sai an ƙara gishiri. Yau hira ce, gobe rawa, jibi mayafi ya zame ba a gyara ba. Ƙa'idarsu ta ce sai mai shekara 18 zai hau laif, amma wa ya hana yarinya ƙara wa kanta shekaru, ko ɗaukar wayar yayarta?

'Yan'uwana maza, kada mu karanta wannan muna tunanin da mata ake. Umarnin runtse ido a aya ta 30 ta Suratun Nur da mu aka fara, kafin a zo kan mata a ta 31. Ba don masu kallo ba, da babu mai hawa. Akwai magidancin da zai ce wa iyalinsa yau a yi haƙuri babu cefane, da dare kuma ya kulle ɗaki yana jefa wa 'yar wani furanni don ta ambaci sunansa. Daga nan sai a ce mu koma gefe, a karɓi lamba, ya zama kiran bidiyo na mutum biyu. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaya mana namiji ba ya keɓewa da mace face Shaiɗan ne na ukunsu, kuma shi wannan na ukun ba ya bukatar kuɗin mota. Hadisin Sauban da ke cikin Ibnu Majah shi ne ke hana ni barci: mutanen da za su zo ranar ƙiyama da kyawawan ayyuka kamar duwatsun Tihama, Allah Ya mai da su ƙura. Suna sallar dare kamar kowa, amma in suka kaɗaita da abin da Allah Ya haramta sai su afka masa. Sahun farko a masallaci, sahun farko a laif. Allah Ya tsare mu.

Kai kuma mai turawa, wanda da bidiyon wata ya fito sai ka watsa a guruf kana rubuta "innalillahi, ku ga yadda tarbiyya ta lalace", salatinka bai wanke ka ba. Karanta aya ta 19 a wannan sura, kan masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Goge shi, ya mutu a hannunka.

Akwai wanda ma ba ma ɗaukarsa komai. Ranar ƙunshi ko kamu, mata sun taru a tsakar gida sun ajiye mayafai don sun san su-ya-su ne, sai ƙawar amarya ta ɗaga waya ta hau laif. Ko miji yana majalisa matarsa ta kira shi ta bidiyo, ya amsa bai ce mata yana cikin mutane ba. Ana yi mana kirari da kunya gare ku ba dai tsoro ba. Kunyar nan ai har da ta tsare wanda bai san ana kallonsa ba.

'Yar'uwa, in har an riga an naɗe ki, wani yana yi miki barazanar zai saki sai kin turo kuɗi ko kin sake kira, kada ki tura ko sisi, domin wanda aka ba yau gobe ma zai dawo. Kada ki goge saƙonninsa, su ne hujjarki. Nemi babba guda da kika amince da shi, gwaggo ko yaya ko malamarku ta Islamiyya, a kai maganar ga hukuma. Iyaye kuma, in 'yarku ta zo muku da irin wannan, ku fara rufa mata asiri kafin faɗa. Tsakaninta da Ubangijinta kuwa ƙofar tuba ba ta da sakata.

Da safen nan ƙanena ya kira ni ta bidiyo daga Kaduna, wai yana son gaida mutanen gida. Har na miƙe zan zarce ciki da wayar a ɗage kamar yadda na saba, sai na tuna da butar nan. Na kife wayar a ƙirji, na tsaya a shigifa na ɗaga murya, "Ana sallama!" Uwargida ta leƙo daga madafa tana tambayar wane ne. Na ce mata baƙo ne a hannuna, ta ɗauko hijabi tukuna.