Ranar da janareta ya tona min asiri

Yaya Binta ce ta jawo min. Za ta tafi suna Funtuwa, ta ce in zauna mata a gidan abincinta na Samaru, Juma'a ɗaya tak, in karɓi kuɗi in ba da canji. Amma kun san ni da iyayi. Tun daren Alhamis na sayo littafin rasit, na manna wa tebura takwas lamba, na tara yara na ce daga yau an daina ihun oda ta taga. Yaro ya rubuta, ya soke takardar a ƙusa, 'yan kicin su karanta su zuba.

Iya Talatu ta saurare ni har na gama, hannunta na kan muciya. Ta ce, "To, Manaja." Ita da kunne take aiki. A ce mata "mai gilashi ya zo", ta san ba ya cin yaji. A ce "ɗan Kongo", ta san malmala uku ce da miyar taushe.

Ana saukowa daga masallaci wuri ya cika. Wasu ɗalibai suka haɗe tebur na uku da na biyar, lamba shida ta bi babbar rigar wani ta fita. Sale ya rubuta "T2 K", wai tuwo biyu da kuka, yarinyar kicin ta zuba kuɓewa, aka dawo da shi, ta ce ai karkashi ma da K yake farawa. Na leƙa in ga ina takarduna suka maƙale, na tarar gas ya ƙare, Iya na hura gawayi da su. Sai aka ɗauke wuta, aka tayar da janaretan nan da ke jingine da tagar kicin, wanda in yana aiki ko kiran sallah ba ka ji.

A nan ne Baban Zainab, yarinyar da nake nema, ya shigo da abokansa biyu.

Ku tuna, ba a kai gaisuwa ba. Bai san ni ba, ni ne na san shi, don na sha hango jar hularsa in maƙale a bayan katanga. Na durƙusa na gaishe su, na karɓi odarsu da kaina, na manta da rasit, na ruga taga. Na yi magana, Iya ta nuna kunnenta. Na ƙara murya, ta girgiza kai. Sai na cika ƙirji da iska na ɗaga murya iya ƙarfina. Daidai nan mai ya ƙare a janareta.

"TSOHON NAN MAI JAR HULA SURUKINA NE, A CIKA MASA NAMA, NI ZAN BIYA!"

Wallahi har yanzu ina jin yadda "zan biya" ta daki bango ta dawo. Fanka na ta rage gudu a hankali, ƙyat, ƙyat, ƙyat. Wani ɗalibi ya tsaya da loma a hannu, miya na bin gwiwar hannunsa. Ban juya ba. Na ƙura wa ƙusar nan ido ina roƙon Allah ya sa akwai wani mai jar hula a wurin. Babu. Na riga na duba tun shigowarsu.

Ita kuma Iya kunnenta bai gama hucewa daga ƙarar janareta ba, don haka da ihu ta ba ni amsa: "Nama ya ƙare tun ƙarfe ɗaya, sai ganda! Uban wacce ne, ta Tudun Wada ko ta Gyallesu?"

Maganar Gyallesu kun san ta mutu tun azumin bara, kuma ba ni na kashe ta ba.

Wanda ya fara dariya shi ne Na-Caji. Shi ne abin ya fi ƙona min rai. Mutumin nan kullum yana kujerar kusa da soket, ruwan leda ɗaya yake saya, ya jona waya biyu da tocila, ya zauna har la'asar. Ranar ma sai da ya ce min wai fanka ba ta kai masa. Janaretan da ya ci amanata, rabin man nasa wayoyin Na-Caji ne suka sha. Amma shi ne ya kwanta a kan benci yana dukan tebur, yana cewa "ta Gyallesu!" kamar ya san ta. Ya ci min bashin dubu ɗaya tun bikin Musa, na ƙyale shi don kunya. Yanzu kunya ta ƙare.

Ni na kai musu tiren. Hannuna na rawa, miya ta ɗiga a kan leda. Baba ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya cinye tas, bai ɗago ba. Abokan ne ke ta tari. Da suka gama ya zo kanta ya ƙirgo kuɗinsa cif. Na ce, "Baba, a bar shi." Ya ajiye, ya danne da kwalbar tsinken sakace. Ya ce gandar ta yi laushi. Har ya kai ƙofa sai ya juyo ya ce, "Yaro, ka gaya wa mai girki mu a Tudun Wada muke."

Zainab ta turo min alamar dariya guda bakwai, daga nan ba ta ƙara ɗaga wayata ba sai ranar Litinin. Yaya Binta ta dawo ta ɓamɓare lambobin, ta ce kuɗin rasit ba ta san zancen ba. Sale kuwa har yau in na shiga sai ya leƙa taga ya ce, "Iya, Manaja ya zo, akwai ganda?"

Lamba shida dai ba a dawo da ita ba.